Odar shan magani ta dole bayan sallama: mu da aka ɗora wa ita, ya muke ganinta?

Abban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina so mu tattauna maganar CTO ɗin nan, wato odar da likita ke ɗora wa mutum in za a sallame shi daga asibitin ƙwaƙwalwa, ka koma gida amma da sharaɗi, ka riƙa karɓar allura kana zuwa ganin likita, in abu ya rikice a maida kai asibiti ba sai an sake bin dogon tsari ba. Ni a Ingila nake kuma a kanta nake yanzu haka, kwanan nan ma aka ƙara sabunta min. Kullum likitoci ne da lauyoyi ke ta magana a kai, mu da allurar ke shiga jikinmu ba a cika tambayarmu ba. To ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa zama a kanta, taimako ce ko ɗauri ne? Masu ɗan uwa a kai ma bismillah amma dan Allah ku bar marasa lafiyan su fara.

Ummi Ƙarama: Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai gaskiya in za a ce in zaɓa tsakanin wod da CTO wallahi ko tunani ba zan yi ba, CTO zan ɗauka. Duk wanda ya taɓa kwana a wod ɗin da ake kulle ƙofa, ana haska maka tocila a fuska cikin dare wai ana duba ko kana numfashi, ka nemi cajar wayarka sai ka roƙa, ya san abin da nake faɗa. Yanzu ina kwana a gadona, ina kai yarinyata makaranta, nas ta zo ta min allura sau ɗaya a wata ta tafi. Ba wai daɗinta nake ji ba fa, amma ta fi min can.

Yaya Bala: Ummi ƙanwata ai nan ne matsalar take. Duk wanda ka tambaya sai ya ce "ta fi asibiti", to ai komai ma ya fi asibiti. Tambayar da ya kamata a yi ita ce ta fi a sallame ka haka kawai kamar kowa, a ba ka kulawa mai kyau ba tare da barazana ba? Ni na zauna a kanta shekaru, kuma yadda na ji ta shine kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya, tana yawo tana kiwo har ta manta, ran da ta ɗan matsa gaba sai ta ji an fizgo wuyanta. Ba na iya ce wa nas yau ban yi barci ba, don ina tsoron kar a rubuta a ce na fara rikicewa. To wace irin kulawa ce wannan da mara lafiya ke ɓoye wa mai kula da shi ciwonsa?

Ummi Ƙarama: Wannan kam gaskiya ne, nima akwai abubuwan da ba na faɗa mata.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na san an ce mu jira amma na kasa. Ƙanina ne a kai. Kafin odar nan duk sanda aka sallame shi sai ya ji sauƙi ya ce ya warke ya watsar da magani, bayan ɗan lokaci ya daina barci ya fara cewa ana bin sa, ƙarshe sai da 'yan sanda ake kai shi, mu kuma muna tsaye muna kuka maƙwabta na leƙe. Tunda aka ɗora masa ita bai koma ba. Ku ce min son kai ne na yarda, amma ni barci nake yi yanzu, mahaifiyarmu ma haka.

Yaya Bala: Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya. Amma shi me yake cewa? Kin taɓa tambayarsa?

Maman Ilham: Ya tsane ta. Ya ce allurar na kashe masa jiki, ya yi ƙiba sosai, kuma wai ya daina jin daɗin komai ko ƙwallon da yake mutuwar so ya daina kallo. Amma yana raye Yaya Bala, yana gida.

Malam Sagir: Bari in shigo da abin da bincike ya nuna don kar mu tsaya kan labarin mutum ɗaya ɗaya, duk da labaran su ne asalin maganar. A Ingila da Wales an fara amfani da CTO ne a watan Nuwamba 2008, bayan gyaran da aka yi wa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 a shekarar 2007. Gwamnati ta yi hasashen mutum 'yan ɗaruruwa za a riƙa ɗora wa a shekara, sai ga shi dubbai ake yi. Daga baya wani farfesa a jami'ar Oxford, Tom Burns, wanda shi kansa yana cikin masu goyon bayan a kawo tsarin, ya jagoranci gwajin da ake kira OCTET, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2013. Marasa lafiya 336 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka sa su a CTO wasu aka sallame su ta ɗan gajeren hutun asibiti na sashe na 17 na dokar. Bayan shekara guda kashi 36 cikin ɗari na kowane ɓangare sun koma asibiti, babu bambanci ko kaɗan. Aka bi su har shekara uku, nan ma babu. Farfesa Burns ya fito fili ya ce ya canza ra'ayi. Kafin wannan an yi gwaji biyu irinsa a Amurka, ɗaya a North Carolina ɗaya a birnin New York, su ma a babban sakamakonsu ba su nuna odar ta rage komawa asibiti ba.

Maman Ilham: To Malam ni ƙaryar idona zan yi? Na ga canji a gidanmu.

Malam Sagir: A'a Hajiya ba wanda ya ce ƙarya kike. Abin tambaya shine me ya kawo canjin. Ranar da aka ɗora masa odar, ba ranar ce aka maida shi kan allura maimakon ƙwaya ba? Ba daga nan ne nas ta fara zuwa gida a kai a kai ba, in bai zo ba a kira waya a bi sawu? To waɗannan duk ana iya yin su ba tare da oda ba. Abin da ke faruwa shine wanda ke kan oda asibiti ba su da halin su manta da shi, wanda ba ya kai kuma sai ya faɗa layin jira. Kenan odar ta fi ɗaure ma'aikata su yi aikinsu, amma mara lafiya ne ke biya da 'yancinsa.

Anti Nas: Ina karanta ku tun ɗazu. Ni nas ce a ɓangaren nan, aikina kenan bin mutane gida, kuma maganar Malam Sagir ta ƙarshe akwai gaskiya a ciki ko da ba daɗin ji. Amma OCTET ɗin ma an yi ta sukarsa, don likitoci da yawa ba su yarda an sa marasa lafiyansu mafi tsanani a gwajin ba, kuma wasu da ƙuri'a ta ce kar a sa musu oda daga baya an sa musu. Ni a idona akwai 'yan tsirarun da na tabbata ba don odar ba da tuni an rasa su. Matsalar ita ce ba mu iya gane su tun farko, sai a yi ta ɗora wa kowa don kariyar kai, likita na tsoron in wani abu ya faru a tambaye shi me ya sa ka sake shi haka.

Sai abu na biyu da nake so duk wanda ke kan CTO a Ingila ya sani, don na lura da yawa ba a musu bayani da kyau. In kai baligi ne kuma kana da hankalin yanke shawara kan maganinka, ba wanda ke da ikon danne ka a gidanka ya maka allura. Doka ba ta yarda ba. Abin da likita ke da iko shine ya kira ka asibiti na tsawon awa 72, a can ne za a iya ba ka magani ko ba ka so, daga nan ko a sake ka ka koma gida kan odar ko a soke ta ka koma tsare a ƙarƙashin sashe na 3 na dokar, wato tsarewa a asibiti don magani. Kuma ƙin bin sharaɗi shi kaɗai bai isa a kira ka ba, sai likita ya ga kana buƙatar magani a asibiti kuma akwai haɗari gare ka ko ga wasu. Sharuɗɗa biyu ne kawai in ka karya su za a iya kiranka kai tsaye, ƙin zuwa a duba ka lokacin sabunta odar, da ƙin ganin likita na biyu mai zaman kansa da ke duba maganin.

Abban Walid: Anti wallahi ban san wannan ba. Ni abin da aka ce min kawai shine in ka ƙi allura za ka koma.

Yaya Bala: Kun gani ko. A takarda kana da 'yancin ƙi, a zahiri an bar ka da tsoro don tsoron ne ke aiki. Kuma Anti ki faɗi gaskiya, in mutum ya ƙi allurar sau biyu a jere ba kiransa za a yi ba?

Anti Nas: Sau da yawa haka ake yi, ba zan musa ba. Ya danganta da likita da tarihin mutum.

Yaya Bala: Yawwa. Sannan babban abin da ya fi ci min rai ba ma allurar ba ce, rashin ƙofar fita ne. Wata shida na farko, a ƙara wata shida, daga nan shekara shekara ba iyaka. In ka je bita kana lafiya lau sai a ce ka ga odar na aiki, a ci gaba. In ka je ba ka da lafiya a ce ka ga kana buƙatarta, a ci gaba. In ka ce ka yarda kana da ciwo za ka sha magani da kanka a ce don ka fita ne kake faɗa. In ka ce maganin na cutar da kai a rubuta wai ba ka fahimci ciwonka ba. To dan Allah wace amsa ce mutum zai bayar a cire shi? Na taɓa tambayar likitana kai tsaye, me kake so ka gani a jikina kafin ka cire, ya yi ta zagaye zagaye bai ba ni amsa ba. Ko fursuna ya san ranar fitarsa.

Ummi Ƙarama: Kai wannan ta taɓa ni. Ni ma ban taɓa jin an ce min ga abin da zan yi a cire ba.

Baba Alhaji: Yara ku yi a hankali da irin wannan magana, akwai masu karantawa da ba su da ƙarfi, kar wani ya ji ya ajiye maganinsa. Ciwon nan ba wasa ba ne, na binne ɗan aminina saboda shi.

Yaya Bala: Allah ya jiƙansa Baba. Ban ce kowa ya bar magani ba, ni kaina ina sha har gobe, da kaina ba oda. Sai da aka cire min ita ma na fara gaya wa likita gaskiyar abin da nake ji, aka canza min daga allurar da ke hana ni zama wuri ɗaya zuwa wani maganin daban.

Anti Nas: Baba ya yi gaskiya a nan, dan Allah kar wanda ya yanke magani lokaci guda, yanke shi farat ɗaya na iya dawo da ciwon fiye da da. Amma abin da Yaya Bala ya ambata na kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi mutum na jin kamar ya fita daga fatarsa, sanannen illar magungunan nan ne kuma yana da wahala sosai, wani lokacin ma sai a ɗauka ciwon ne ya tashi a ƙara masa magani alhali maganin ne ya jawo. Haka ƙiba da hawan suga, rawar hannu, sandarewar jiki, ɗaukewar al'ada ga mata, raunin kusantar iyali ga maza wanda kunya ke hana su faɗa. Maman Ilham abin da ƙaninki ke faɗa ba shagwaɓa ba ce. Ana iya rage yawan maganin ko a canza, allurar ma kala kala ce, paliperidone daban aripiprazole daban, tsofaffin irin su haloperidol daban. Ki raka shi ranar bita ku faɗa tare, a kuma duba masa suga da kitsen jini.

Maman Ilham: In sha Allah. Ni tsorona kar a taɓa maganin komai ya rushe.

Ɗan Gwaggo: Ni ba wanda ya taɓo abin da ke damuna. Su wa ake ɗora wa odar nan? Alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila da kansu sun nuna baƙar fata sun fi farare shiga CTO ninki da yawa, wasu shekarun har ya haura ninki 8, alhali a tsarewa a asibiti bambancin wajen ninki 4 ne. Wato ko a cikin waɗanda aka riga aka tsare, in kai baƙi ne an fi ganin ba za a iya sakinka haka ba. A New Zealand ma Maori, 'yan asalin ƙasar, su ne suka fi yawa a kan irin wannan oda in aka kwatanta da yawansu. Wannan ba zai zama duk ciwo ne ya kawo ba, akwai wanda ake kallo a ga haɗari tun kafin ya buɗe baki.

Malam Sagir: Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa kwamitin Farfesa Simon Wessely don ya sake duba dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2018 ya ce a tsaurara sharuɗɗan ɗora odar a rage amfani da ita sosai. A Janairu 2023 kuma wani kwamitin haɗin gwiwa na majalisar dokokin Birtaniya ya ba da shawarar a soke ta gaba ɗaya ga waɗanda ba ta hanyar kotun laifi suka shigo ba. A 2018 ɗin dai kotun ƙoli ta yanke a wata shari'a daga Wales cewa likita ba shi da ikon sa sharuɗɗan da za su zama tsare mutum ne a fakaice, kamar a ce ba ka fita sai da rakiya kullum.

Baba Alhaji: To amma Malam in mutum ya zama haɗari ga jama'a fa? Ba don haka aka yi dokar ba?

Malam Sagir: Haka ake cewa Baba, kuma yawancin dokokin nan bayan wani mummunan abu ake yin su. Ta jihar New York ana kiranta dokar Kendra, an yi ta a 1999 bayan wani mara lafiya ya tura wata budurwa Kendra Webdale gaban jirgin ƙasa ta rasu. Amma da aka bi tarihin mutumin sai aka ga ya sha kai kansa asibiti yana neman taimako ana sallamarsa ba wurin zama mai kulawa. Ba gudun magani ne kaɗai labarinsa ba, nema ya yi bai samu ba. Kuma da New York ta yi dokar ta haɗa da kuɗi masu yawa na ma'aikatan bin sawu, shi ya sa har yau ake gardama ko odar ce ta kawo sauƙin da aka gani ko kuɗin. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa, su aka fi cutarwa ma.

Hajjo: Ni ban taɓa magana a nan ba sai yau. Ina da ciwon da ke sa in hau sama sosai in kuma faɗo ƙasa, kuma in na hau ba na sanin na hau, ji nake duniya ce ba ta gane ba. A wannan halin in ka tambaye ni zan ce ba na son magani da dukkan zuciyata, in na sauko kuma in yi ta kukan abin da na aikata da kuɗin da na watsar da mutanen da na ɓata wa. To wace ni za a saurara? Ni na fi son a saurari ni mai lafiya. Shi ya sa na zauna da likitata da yayata muka rubuta takarda, in kun ga na kwana biyu ba barci ina ta sayayya ku yi kaza, wannan maganin na yarda da shi wancan kar a sake ba ni, ga wanda za a kira ga wanda zai ɗauki yara. Tilas ɗin da ni na tsara wa kaina daban yake da wanda aka ɗora min ina zaune ana magana a kaina kamar ba na ɗakin.

Yaya Bala: Hajjo wannan ita ce magana. Da haka aka yi min da ba mu yi faɗa da kowa ba.

Malam Sagir: Kuma irin wannan takardar ta shirin gaba tana cikin 'yan abubuwan da bincike ya nuna suna rage kwantarwar dole, saɓanin CTO.

Anti Nas: Sai dai a yi ta a inda za a gan ta, a sa a fayil ɗinka kuma wani naka ya riƙe kwafi, don in rikici ya tashi ƙarfe biyun dare ba wanda zai tsaya nema. Kuma ku sani ƙin wani magani da kuka rubuta, in an tsare mutum a ƙarƙashin dokar likita na iya tsallake shi, amma dole ya duba kuma ya kamata ya rubuta dalili.

Abban Walid: To Anti ni yanzu da aka riga aka sabunta min, sai in zauna shekara ta zagayo kenan?

Anti Nas: A'a. Kana da damar kai ƙara kotun musamman ta lafiyar ƙwaƙwalwa sau ɗaya a kowane zango na odar, kuma lauya kyauta ne ba a duba samunka. Kana iya neman manajojin asibiti su zauna su duba, wannan daban ne. Kana da haƙƙin a ba ka mai tsaya maka mai zaman kansa wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, ya raka ka bita ya taya ka magana. Ɗan uwanka mafi kusa a doka, in kana da aure matarka ce, na iya rubuta takardar neman a sallame ka da sanarwar awa 72, sai dai likita na iya hanawa in ya ce akwai haɗari. Kuma kar wanda ya ce maka in an cire odar za ka rasa nas ko taimakon da kake samu, kulawar bayan sallama ta sashe na 117 haƙƙinka ce tunda an taɓa tsare ka a sashe na 3, da oda ko ba oda.

Ummi Ƙarama: Wallahi ni abin da ya hana ni nema kenan, na ɗauka in an cire shikenan nas ɗina ta tafi.

Yaya Bala: Abban Walid in za ka je, kar ka je da faɗa, na gwada bai yi ba. Ka je da takarda a hannu, ka ce a rubuta maka abubuwan da ake so a gani kafin a cire da kuma ranar da za a sake dubawa, ka sa mai tsaya makan ya rubuta amsar da aka ba ka. Kotun ba ta cika sakin mutane ba gaskiya, amma sau da yawa da likita ya ga an sa ranar zama sai ya sake duba fayil ɗin da kansa.

Maman Ilham: Ni dai har yanzu ban yarda a cire wa ƙanina ba, ku ce abin da za ku ce. Amma zan tambaye shi wace allura ake masa, ban ma san sunanta ba.

Abban Walid: Anti mai tsayawar nan ta ina ake samunsa, ta wajen nas ɗina zan bi ko akwai inda zan kira da kaina?

Anti Nas: Duka biyun. Nas ɗinka dole ta ba ka bayaninsu in ka tambaya, ko ka kira ofishin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin da ke riƙe da odarka ka ce a haɗa ka da su, su ne ma za su ba ka fom ɗin kotun da jerin lauyoyin da ke wannan aikin.